Wasan Bidiyo da Tubalan Roba: Ɓata Lokaci ko Neman Sani?



 Mun sani sarai cewa da aka sanar da abin da za mu yi magana a kai, akwai waɗanda suka yi murmushi, suka ce ashe har an rasa abin tattaunawa a jami'a sai wasa. Ba mu ga laifinsu ba. Dukanmu mun taso ne a gidajen da ake raba rayuwar yaro gida biyu, watau karatu da wasa, ana yabon na farko ana tsawata wa na biyu. Roƙonmu shi ne a ba mu aron kunne na ɗan lokaci, in mun gama kowa ya yanke hukunci da kansa.

Wasanni iri biyu za mu duba. Na ɗaya shi ne wasan bidiyo, wanda yawancinmu muke kira gem, ko na talabijin, ko na kwamfuta, ko na wayar da ke aljihunmu. Na biyu shi ne haɗa mutum-mutumi mai motsi da ƙananan tubalan roba irin na kamfanin LEGO. Tambayar da ke gabanmu kuwa guda ce: shin ɗalibin da iyayensa suka sayar da amfanin gona ko suka matse albashi don su biya masa kuɗin makaranta, yana da hujjar ba waɗannan abubuwa wani kaso na lokacinsa? In yana da ita, to wane irin kaso, kuma bisa wane sharaɗi?

Bari mu fara da tubalan. A garin Billund na ƙasar Denmak an yi wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen. Da tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gini da na kujeru ya yi wuya, sai a shekarar 1932 ya koma sassaƙa kayan wasan yara na katako. A 1934 ya raɗa wa sana'arsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1949 kamfanin ya fara yin tubalan roba, amma ba su kama juna sosai, gini kan rushe da an ɗaga shi. Sai a 1958, a hannun ɗansa Godtfred, aka yi rajistar dabarar da ta gyara wannan, watau 'yan ƙusoshi a saman tubali da 'yan bututu a ƙarƙashinsa, waɗanda ke riƙe juna gam, kuma yaro na iya raba su da yatsunsa. Tubalin da aka yi a waccan shekara har yau yana shiga cikin wanda aka yi bana, domin ba a sauya awon ba: tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 8 ne.

A nan akwai abin lura ga masu karatun lissafi. A ɗauki tubala shida masu launi ɗaya, kowanne mai ƙusa takwas, biyu a faɗi huɗu a tsawo. Hanya nawa za a iya haɗa su? Shekara da shekaru kamfanin yana cewa hanyoyin sun ɗan haura miliyan 102. Wani malamin lissafi a Jami'ar Kopenhagen, Søren Eilers, ya sake duba lissafin a 2004, ya gano cewa an ƙirga ginin da aka ɗora tubalan a bisa juna hawa shida ne kawai, an manta da gajerun gine-gine. Da ya sa kwamfuta ta ƙirga duka, adadin ya tashi 915,103,765. Tubala shida kacal ke nan, waɗanda ba su cika tafin hannu ba.

To ta yaya tubali ya zama mutum-mutumi? A nan sai mu ambaci Seymour Papert, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1928. Masanin lissafi ne, ya yi shekaru yana aiki da Jean Piaget a Janiba kan yadda yara ke koyon abu, daga baya ya koma babbar cibiyar fasaha ta MIT a Amurka. A 1967 shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Logo, harshen ba kwamfuta umarni wanda yaro zai iya koya. Ra'ayinsa, wanda ya shimfiɗa a littafinsa Mindstorms na 1980, shi ne mutum ya fi fahimtar abu idan yana ƙera wani abin da zai iya gani, ya taɓa, ya nuna wa wani, kuma kuskure a irin wannan aiki hanya ce ta gane gaskiya. Kamfanin LEGO ya haɗa gwiwa da MIT tun tsakiyar shekarun 1980, a 1998 kuma ya fito da akwatin haɗa mutum-mutumi, ya ba shi sunan littafin Papert. A cikin akwatin akwai wani tubali mai ƙwaƙwalwa da ake kira RCX, mai kafa uku ta karɓar saƙo daga na'urorin ji da gani, da kafa uku ta sarrafa ƙananan injunan lantarki. An sake fito da sababbin samfuri a 2006 da 2013 da 2020, kafin kamfanin ya daina yin Mindstorms a ƙarshen 2022.

Wani abu ya faru bayan fitowar akwatin farko da ya kamata mu riƙe. An yi shi ne don yara, amma manya suka yi masa caa. Cikin 'yan makonni wani ɗalibin Jami'ar Stanford, Kekoa Proudfoot, ya binciko yadda cikin tubalin ke aiki, ya baza bayanin a intanet. Wasu suka ɗora a kai, suka rubuta sababbin manhajojin sarrafa shi waɗanda suka fi na kamfanin iyawa. Kamfanin na iya kai su kotu, amma ya ga cewa waɗannan mutane ƙara wa hajarsa daraja suke yi, sai ya ƙyale su. Ɗalibai ne irinmu, sun sayi abin wasa, ba su yarda su tsaya inda takardar umarni ta tsaya ba.

Domin kada maganar ta zama labari kawai, bari mu faɗi abin da mai haɗa irin wannan mutum-mutumi yake koya. A ce yana son 'yar motarsa ta hau gangare amma injin ba shi da ƙarfi. Sai ya sa giya mai haƙori 8 ta juya giya mai haƙori 24. Dole ƙaramar ta zagaya sau uku kafin babbar ta zagaya sau ɗaya, saboda haka gudu ya ragu zuwa sulusi, ƙarfin juyi kuma ya ninka sau uku. Wannan shi ne abin da direban babbar mota yake yi in ya sa lamba ɗaya a kan hawa. A ce kuma yana son motar ta yi tafiyar mita ɗaya daidai ta tsaya. In faɗin tayar santimita 5.6 ne, kewayenta ya kai wajen santimita 17.6, ashe sai ta juya sau biyar da kusan kashi bakwai cikin goma. Wanda ya yi wannan awo da hannunsa, ya ga motar ta wuce layi ko ta gaza, ba zai ƙara mance amfanin lissafin da'ira ba.

Sa'an nan a ce yana son ta bi baƙin layi a kan farar takarda. Sai ya sa mata idon lantarki mai auna hasken da ke dawowa daga ƙasa, ya umarce ta: in kin ga fari karkata hagu, in kin ga baƙi karkata dama. Za ta bi layin, amma tana tangaɗi kamar mai maye. Bayan ya sha wahala zai gane cewa gyaran ya kamata ya yi daidai da girman kuskuren, watau in ta kauce kaɗan a juya ta kaɗan, in ta kauce da yawa a juya ta da yawa. Wannan ƙa'ida ita ce tushen darasin sarrafa injuna da ake koyarwa a tsangayar injiniya, ita ake amfani da ita a matatun mai da jiragen sama. Mai wasan ya iske ta ne a tsakar ɗakinsa.

Yanzu mu juya ga wasan bidiyo, wanda shi ya fi kusa da mu. Shi ma a hannun masana da ɗalibai aka haife shi. A 1958 William Higinbotham, masanin kimiyyar lissafin halitta a ɗakin bincike na Brookhaven, ya haɗa wani ɗan wasan ƙwallon tanis a kan na'urar auna igiyar lantarki don nishaɗin baƙi. A 1962 Steve Russell da abokansa a MIT, waɗansunsu 'yan ƙungiyar masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa, suka rubuta Spacewar a kan kwamfutar PDP-1, wadda kuɗinta a lokacin ya kai dala 120,000. A 1972 aka fara sayar da Magnavox Odyssey ta Ralph Baer, na'urar wasa ta farko da ake jona wa talabijin a gida, a shekarar kuma Atari ya fito da Pong. A 1976 wani baƙar fatar Amurka, injiniya Jerry Lawson, ya jagoranci aikin na'urar Fairchild Channel F, wadda ita ta fara amfani da kaset ɗin da ake cirewa a sauya wasa. Japan ta shigo da Space Invaders a 1978 da Pac-Man a 1980. Nintendo, wanda aka kafa a Kyoto tun 1889 don yin katin karta, ya fito da Super Mario Bros. a 1985. A Mosko kuwa Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro Tetris a 1984, a wurin aikinsa na cibiyar kimiyya ta gwamnati. PlayStation, wadda ta cika gidajen gem na unguwanninmu, a 1994 ta fito.

Abin da ya fi wannan jerin shekaru muhimmanci shi ne abin da wasan ya haifa. A 1969 Ken Thompson na ɗakin binciken Bell ya rubuta wani wasa mai suna Space Travel. Buga shi a babbar kwamfutar wurin yana da tsada, sai ya samu wata ƙaramar na'ura, PDP-7, da ba a cika amfani da ita ba, ya shiga rubuta mata kayan aikin da za su sa wasan ya tafi. Daga wannan ƙoƙari tsarin Unix ya tsiro, a kan tafarkin Unix aka gina Linux, a kan Linux kuma Android ke tafiya, watau tsarin da ke cikin wayoyin yawancin waɗanda ke zaune a nan.

Daɗin daɗawa, masu wasa sun dage suna neman hoto mai kyau da sauri, sai kamfanoni irin su Nvidia, wanda aka kafa a 1993, suka riƙa ƙera ƙwaƙwalwar zana hoto mai iya yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, ɗaliban Geoffrey Hinton a Jami'ar Toronto, suka yi amfani da irin wannan katin wasa guda biyu suka horar da manhajar gane hotuna, ta yi wa sauran fintinkau a gasa. Daga nan guguwar ƙirƙirarriyar basira ta wannan zamani ta taso. Demis Hassabis, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin sinadarai a 2024 saboda aikin gano siffar furotin, tun yana matashi ya yi aikin tsara wasan Theme Park na 1994. Haka nan a 2011 masu buga wani wasa mai suna Foldit, na Jami'ar Washinton, suka gano siffar wani sinadarin ƙwayar cuta cikin 'yan makonni, alhali ya gagari masana fiye da shekara goma.

Jama'a, kada daɗin waɗannan labarai ya ɗebe mu. Zuma da zaƙi take, da harbi kuma. Duk waɗanda muka ambata masu ƙera wasa ne ko masu buɗe cikinsa, ba mu ambaci ko mutum ɗaya da ya ɗaukaka don ya kwana yana danna maɓalli ba. Mu kuwa, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu a sahun masu dannawa muke. Babu ɗakin kwanan ɗalibai da bai san labarin wani ɗan'uwa da ya fara da wasan ƙwallo na minti goma bayan sallar isha'i, ya koma sai asuba, lacca ta fara wuce shi, kuɗin abinci ya koma na data da na gidan gem, daga ƙarshe sunansa ya fito a jerin waɗanda za su maimaita darasi, ko waɗanda aka sallama. Mun ga irin wannan da idonmu, mun kuma ga mahaifin da ya zo ɗaukar kayan ɗansa bai iya ɗaga kai ya dubi kowa ba.

Abin bai tsaya ga rashin tarbiyya kawai ba. Da yawa daga wasannin yau, musamman na waya, an tsara su ne da gangan don su hana mutum ajiyewa: kyautar kullum ga wanda ya leƙo, agogon da ke ƙirga lokacin da garaɓasa za ta ƙare, da akwatin sa'a da ake saya da kuɗi ba tare da an san abin da ke ciki ba. Wannan na ƙarshe ƙanin caca ne, shi ya sa hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke hukunci a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne a ƙarƙashin dokarsu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka, kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta bayyana uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin wasansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da ya ga ɓarnar da yake yi masa, galibi na tsawon wata 12. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu nan ba wanda zai kafa mana irin wannan doka, kuma mun wuce shekarun da za a tsaya a kanmu da bulala. Kowa shi ne ɗan sandan kansa.

Wani zai tashi ya ce, duk wannan zance na masu hali ne, akwatin LEGO guda ya fi ƙarfin kuɗin makarantar wasunmu. Gaskiya ne, ba kuwa za mu ce kowa ya je ya saya ba. Amma mu tuna, mu ba baƙi ba ne ga wannan ɗabi'a. Wane ne a cikinmu bai fere kara ya yi mota ba, ko bai yanka gwangwanin madara da tsohon silifa ya yi taya ba, ko bai lanƙwasa waya ya yi mata sitiyari mai tsawo ya bi ta da gudu a lungu ba? Yaron da ya yi haka ya riga ya san gatari da ma'auni da daidaito tun bai san sunayensu ba. Abin baƙin cikin shi ne da zarar ya shiga aji sai a nuna masa cewa wancan shirme ne, ilimi kuwa shi ne haddace abin da ke kan allo. A 2007 kafofin labaran duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, son zanen motoci tun yana yaro ne ya kai shi can. A maƙwabciyarmu Kamaru kuma Olivier Madiba da abokansa sun kafa Kiro'o Games, suka fito da wasan Aurion a 2016, wanda suka gina a kan al'adun Afirka.

Bugu da ƙari, kayan koyo sun yi araha fiye da da. Allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Ivrea ta Italiya a 2005 don ɗalibai, tsarinsa a buɗe yake ga kowa, kwafinsa kuma ba shi da tsada. Manhajar Scratch, wadda MIT ta fitar a 2007, kyauta ce, haka ma Godot ta tsara wasannin bidiyo. Ƙananan injuna da giya da wayoyi kuwa suna nan jibge a cikin matattun rediyo da firinta da na'urorin faifai a wurin masu gyara da 'yan gwangwan. Saboda haka rashin kuɗi cikas ne, amma bai kai ya zama uzuri ba.

To, ga amsarmu ga tambayar da muka fara da ita. Ɗalibi yana da hujjar yin wasa, domin ƙwaƙwalwa ma tana gajiya, kuma wanda ya huta ya fi wanda bai huta ba fahimta. Sharaɗin farko shi ne ya yanka wa wasan lokaci tun kafin ya zauna, kada ya ci lokacin salla ko na lacca ko na barci, kada kuma ya zuba kuɗi a abin da ya yi kama da caca. Sharaɗi na biyu shi ne ya riƙa tambayar kansa, bayan wata guda, me wannan wasa ya bar mini a hannu? In amsar ita ce jan ido da bashin data, to ya san inda ya dosa. In kuwa ya tashi da sanin yadda aka sa ɗan wasan ya yi tsalle, ko ya rubuta layi goma na umarni da kansa, to ya fara ƙaura daga sahun masu saye zuwa sahun masu ƙerawa. Ƙasashenmu sun daɗe suna fitar da ɗanyen kaya suna shigo da ƙerarru, ba kuwa za mu fita daga wannan hali ba muddin masu digirinmu suna jin tsoron kwance ƙusa.

Muna da roƙo uku. Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, muna roƙon a nemi ɗaki guda mai wuta da tebura, a tara kayan aiki ta hanyar karo-karo, a buɗe shi ga kowane ɗalibi, na kimiyya da na fasaha da na harsuna, maza da mata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasa yana bukatar mai labari da mai zane da mai kiɗa kamar yadda yake bukatar mai lissafi, kuma ba mu ga abin da zai hana ɗaliban Hausa da na kwamfuta su zauna su mai da dara ko langa ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wasan waya ba. Ga malamanmu, muna roƙon a riƙa karɓar abin da ɗalibi ya ƙera a matsayin wani ɓangare na aikin aji, a duba shi da tsanani kamar yadda ake duba takarda. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuma, in an tafi hutu aka ga ƙane ya baje gwangwanaye a tsakar gida, kada a kore shi, a tsuguna a tambaye shi me ya sa tayar baya take gogar jiki, a taya shi nemo dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shugaba, mun ci lokaci da yawa, muna neman afuwa. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure kuma muna jiran gyara daga malamanmu da sauran jama'a a lokacin tambayoyi. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sa lokacinmu ya zama hujja gare mu.